Hoton da ke juyawa da awon leza: wanne ke fitar da filan ɗin gida?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonni huɗu na ware cikin waɗanda suka shigo, don duk a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato ɗaukar cikin gida da na'ura a fitar da taswirarsa. Na rage tsawon wasu, masu su su yi min haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram, amma shekara shida ke nan ina Tamanrasat ta Aljeriya wajen nema. Bara Allah ya yi wa tsohonmu rasuwa, gida ya zama na gado, mu tara ne kuma kowa da bakinsa, wasu a sayar wasu a raba wasu a rushe a yi na siminti. To ƙanena ya samo wani yaro mai kyamara ya ɗauki cikin gidan ya turo min a salula, in ka ja da yatsa sai ɗakin ya dinga juyawa kana ganin ko'ina har rufi, wallahi da na ga zauren tsoho sai da na yi hawaye. Yanzu yaron ya ce daga hoton nan zai fitar mana da filan har da metir-metir na kowane ɗaki mu kai wa masu rabo. In yarda ko kar in yarda?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ku kuma ya haɗa kanku. Ɗan'uwa, kar ka yarda tukuna, ba wai don yaron maƙaryaci ne ba, don kyamarar da ya riƙe ido ce kawai, kuma ido ba mudu ba ne ko da ya san kima.

Ga yadda abin yake. Kyamarar nan ta 360, irin su Ricoh Theta ko Insta360, idanu biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane ya kumbura kamar idon kifi yana kwaso fiye da rabin ɗaki, sai manhajar da ke ciki ta ɗinke hotunan biyu su zama ɗaya, shi ne kake ja da yatsa yana juyawa. Kala tana ciki, tsagewar bango tana ciki, har buzun tsoho in yana rataye za ka gani. Abin da babu shi ne nisa. Daga inda ta tsaya kyamarar ba ta san ko bangon nan metir uku yake ko biyar ba.

To yaya yaron zai fitar da awo? Akwai dabara kuma ba sihiri ba ce, lissafin kwana ne na lakkwal. In ya san tsayin kyamarar daga ƙasa, a ce metir 1.5, sai manhaja ta duba inda bango ya haɗu da daɓe, in layin nan ya faɗo a digiri 45 ƙasa da saitin idon kyamarar to bangon ma metir 1.5 yake da ita, in kwanar ta fi haka ƙanƙanta bangon ya fi nisa. A gidan bulo mai tayil, daɓe shimfiɗe, kusurwa a miƙe, lissafin nan yana kusantar gaskiya. Amma kai ɗan Birni ne ka fi ni sanin gidajenku. Bangon tubali gindinsa ya fi samansa kauri, yana tafiya yana sirancewa, kusurwa ba ta da kaifi don hannu ne ya shafe ta, kowace shekara an ƙara yaɓe a kan na bara, daɓen wani ɗakin sai ka sauka taki guda kafin ka taka shi, ga randa ga gado ga buhunan hatsi sun rufe gindin bangon da ake son gani. Manhajar kuwa an gina ta a kan zaton ɗaki akwati ne, in ta ga bango ya karkace sai ta miƙar da shi da kanta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Filan zai fito tsaf, kyakkyawa, amma ba gidan Baba ba ne, kuma a rabon gado taki ɗaya ma ya isa ya raba zumunci.

Abin da ke awo na gaske shi ne leza. Na'urar tana harba ɗan siririn haske ya bugi bango ya dawo, ita kuma ta ƙirga lokacin da ya ɗauka. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ke nan bangon da ke metir 5, zuwa da dawowa metir 10, hasken zai yi shi cikin kashi 33 daga kashi biliyan na daƙiƙa ɗaya, kuma na'urar tana iya kama wannan ɗan mitsitsin lokaci. Babbar sikana da ake kafawa a kan ƙafa uku tana da madubi mai jujjuyawa, ita ma kanta tana juyawa, to harbin nan take yi ta kowane ɓangare, Leica BLK360 ta farko tana auna ɗigo 360,000 a daƙiƙa. Kowane ɗigo da matsayinsa, tsawo da faɗi da bisa. In an gama sai ka ga ɗakin a kwamfuta ya fito da ɗigo-ɗigo zalla kamar an watsa gero a iska ya tsaya cak da siffar ɗakin, har lanƙwasar bakan gizo da jerin azara. Daga nan sai a yanka wannan tarin ɗigo a kwance, wajen metir ɗaya da wani abu daga ƙasa yadda zai ratsa ƙofofi da tagogi, kamar ka yanke saman kabewa ka leƙa ciki, abin da ka gani shi ne filan. Sai mutum ya zauna ya bi layin ya zana. Shi ya sa kamfanoni irin iGUIDE na Kanada suke haɗa biyun a sanda ɗaya, kyamarar 360 don kallo, leza don awo.

Saboda haka ka ce wa ƙanenka ya tambayi yaron abu ɗaya, da me ya auna? In ya ce da hoton ne kawai, a biya shi kuɗin hotonsa a yi masa godiya don ya yi aiki, amma a koma da metir. Kowane ɗaki a auna bango huɗu sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, duka biyun, wannan awon na gicciye shi ke tona ɗakin da ya karkace. A auna kaurin bango a bakin ƙofa, a gindi, don a gidan ƙasa bango kaɗai yana cin fili mai yawa. In kuma ya ce yana da leza, to a zaɓi ɗaki biyu a gwada awonsa da na metir a gaban kowa. Sannan ka sani ko filan ya yi daidai, na cikin gida ne, iyakarku da maƙwabta da takardar fili wannan aikin jeyometir ne, wato mai awon fili, da ofishin da ke kula da filaye, rabo kuma na malamai da alƙali. Hoton zauren dai ka adana shi wuri biyu, kar ka bar shi a WhatsApp kaɗai.

Tambaya: Yaya ina wuni. Na gama karatu a jami'ar André Salifou ina zaune ba aiki, na ga a YouTube Turawa na sana'ar ɗaukar gidaje ana shiga a zagaya ta intanet, ina so in fara a nan Damagaram. Wace na'ura zan saya, kuma iPhone ta isa?

Amsa: Ƙanena, kafin na'ura ka fara tambayar kanka wa zai biya. A Amurka masu dillancin gidaje ne suka ɗauki nauyin sana'ar, kamfanin Matterport da aka kafa a 2011 a kansu ya girma. A nan kuwa mai neman haya babur yake hawa ya je ya gani da idonsa, dillali ma ba zai so a ga gida ba tare da shi ba. Waɗanda nake ganin za su buɗe aljihu su ne 'yan garin nan da ke waje suna turo kuɗin gini suna son ganin inda aka kwana, da masu otal, da 'yan kwangila masu gyaran tsohon gini wanda filan ɗinsa ya ɓace ko ba a taɓa yi ba, da ƙungiyoyin da ke gyara azuzuwa da ɗakunan shan magani. Kuma yawancinsu takarda suke so mai awo wadda magini zai riƙe, juye-juyen hoton ƙari ne.

Don haka abin da zan ce ka fara saya shi ne mafi araha, ƙaramar na'urar awo ta leza ta hannu, irin Bosch ko Leica Disto, girmanta kamar salula, ka jingina ta da bango ka danna jan ɗigo ya sauka a ɗaya bangon ta ba ka lamba, kuskurenta cikin ɗaki bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Da ita da littafi da fensir da Sweet Home 3D ko LibreCAD waɗanda kyauta ne, ka fara cin abinci. Kyamarar 360 ta biyo baya, kuɗinta bai kai na sabon babur ba. Babbar sikana ta Leica ko FARO kuwa maganar miliyoyin sefa ce, kar ka ci bashi a kanta ba ka da aiki a hannu.

Maganar iPhone, ba kowace ba. Apple ya fara sa LiDAR, wato 'yar ƙaramar leza mai awon nisa, a iPad Pro da iPhone 12 Pro a 2020, kuma masu Pro ne kawai ke da shi, wani ɗan baƙin da'ira ne kusa da idanun kyamara. Yana kaiwa wajen metir 5. Da manhaja irin Polycam ko magicplan kana zagaya ɗaki a hankali filan na fitowa a gabanka, abin sha'awa ne ƙwarai. Amma kuskure yana taruwa da tafiya, ɗaki na farko daidai, na biyu ya ɗan goce, kafin ka kai na shida ka dawo tsakar gida sai ka ga bango ɗaya ya zama biyu. Maganinsa ka dinga komawa inda ka fara kana rufe zagaye, ka bar ƙofofi a buɗe don na'ura ta ga ɗakin baya da na gaba lokaci guda ta san yadda za ta haɗa su, kuma kullum ka ɗauki awo biyu uku da ta hannu ka gwada.

Akwai abubuwan da YouTube ba zai gaya maka ba don su ba su san watan Afrilu na Damagaram ba. Waya na aikin nan tana zafi ko a inuwa, a tsakar gida da azahar sai ta rage haske ta ce ta gaji. Rana mai ƙarfi tana dushe hasken da LiDAR ɗin waya ke harbawa, to waje sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Lokacin hunturu ƙurar da ke yawo a iska tana fitowa a matsayin ɗigo na ƙarya, kuma idon kifin nan na kyamara a waje yake ba rufi, ka goge shi da bakin riga yashi ya karce shi shi ke nan kowane hoto da tabonsa. Sai madubi da gilas. Ni da kaina na taɓa aron wayar wani ɗan'uwa na gwada a ɗakin gwaggona, tana zaune bakin gado tana kallona tana cewa wai yau kuma me aka zo da shi, na gama na duba sai ga wani ɗaki ya ɓullo a bayan durowar kayanta, da gadonsa da labulensa, ashe madubin durowar ne, haske ya bugi madubi ya juyo ya auno ɗakin, na'ura ta zata a bayan madubin yake. Jeren kwanukan samira da ke sheƙi a bango kuma suka fito kamar an fasa ƙwai. Da na nuna mata ta ce to tunda na samo mata ƙarin ɗaki sai in sa mata ɗan haya. Tun daga ranar zani nake yafa wa madubi kafin in fara.

Na ƙarshe, ka karanta sharaɗi kafin ka ɗora aikin mutane a kan kamfani. Irin su Matterport a wurinsu ake sarrafa abin, sai ka tura ta intanet, forfe zai ƙone ba kaɗan ba, kuma biyan wata-wata ne, ka daina biya mahaɗin da ka ba mai gida ya daina buɗewa. Ka riƙa sauke naka, filan a fayil irin PDF da DXF, tarin ɗigo a fayil irin E57, akwai CloudCompare kyauta da ke buɗe shi ba intanet.

Tambaya: Malam ni malamin lakkwal ne mai ritaya. Tun da tsohon masallacin Birni ya faɗi zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan na'urar da kuke magana, tana da wani amfani ga irin waɗannan gine-gine?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba kai kaɗai ba. Masallacin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19 ruwan farkon Satumba 2024 ya kwantar da shi, mutane suna kallo a waya. Gaskiya ita ce leza ba ta riƙe bango. Abin da ke riƙe ginin ƙasa shi ne yaɓe kafin damina, da indararo mai zubar da ruwa nesa da gindi, da hanyar da ruwa zai bi ya fita daga unguwa. Amma amfani biyu tana da su. In an ɗauki gini bana aka sake ɗauka baɗi aka ɗora ɗaya kan ɗaya, za a ga bangon da ya fara kumburi ko rufin da ya sauka da santimita kaɗan tun ido bai gani ba. In kuma ƙaddara ta faɗa, akwai abin da za a miƙa wa magina.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne cocin Notre-Dame na birnin Pari a Faransa. Wani malamin tarihin gini, Andrew Tallon, ya bi ta da sikana shekaru kafin gobara, ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya, ya rasu a 2018, wuta ta ci rufin ranar 15 ga Afrilu 2019, awonsa ya shiga cikin abin da masu gyara suka duba, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. A nahiyarmu ma akwai Zamani Project na jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, sun ɗauki cocin dutse na Lalibela a Habasha da babban masallacin Jenne a Mali, wanda shi ma na ƙasa ne irin namu. Sunan nasu daga Suwahili ne, can zamani na nufin da, mu kuma in mun ce na zamani sabo muke nufi, kalma ɗaya ta juya wa kanta baya.

Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kuma Birni da fadar Sarki suna cikin jerin masu jiran shiga wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 2006, Agadas kuwa ta shige a 2013. Ni a ganina ba fada da masallatai kaɗai ba, gidajen attajiran da a Birni da Zango masu zanen dagi a fuska da zankwaye a sama su ne suka fi shiga haɗari, don su ba mai tashi ya yi magana, magada sun sayar an kawo bulo an wuce wurin. Kuma ko an ɗauka, ɗigo ba zai gaya maka yadda ake kwaɓa makuba ko yadda ake jera azarar giginya a ɗaure bakan gizo ba, wannan yana kan tsofaffin magina, to mai sikana ya tafi da abin naɗar murya ya zaunar da su. Kai da ka koyar da rabin unguwa, Baba, in ka ce a buɗe zaure za a buɗe maka, abin da yaro mai na'ura ba zai samu ba.

Tambaya: Malam ni matar aure ce a Sabon Gari. Maigidana na son ƙara bene, mai zanen ya ce zai turo yara su ɗauki cikin gidan duka da kyamara mai ganin ko'ina. Ni hankalina bai kwanta ba, ɗakina ne fa, kuma ina da 'yan mata.

Amsa: Hajiya kina da gaskiya, kar ki bari a ce miki ƙauyanci ne. Kyamarar 360 ba ta da baya, duk wanda ke ɗakin ya shiga, shi ya sa mai ɗauka ma fita yake ya laɓe ya danna daga wayarsa. Hoton bango, kayan shafa, akwatin da ke ƙarƙashin gado, inda makulli ke rataye, duk za su fito, kuma in an ɗora a intanet duk wanda aka tura wa mahaɗin ya shiga ɗakinki ba sallama.

Ki gaya wa Alhaji, don ƙarin bene mai zane awo yake buƙata da ganin ginshiƙai da bango da rufi, ba ya buƙatar ganin shimfiɗarki. A ɗauki falo da tsakar gida da matakala in ana so, a lokacin da kuka shiga maƙwabta, a kwashe hotunan bango tukuna, a kuma yi magana tun farko cewa ba za a sa a Facebook ko TikTok don talla ba, in aiki ya ƙare a goge. Ɗakunan kwana kuwa ki ja ƙofa, leza haske ce ba ta ratsa bango ko ƙyaure. Su ba ki 'yar ƙaramar ta hannu, maɓalli ɗaya ne, babbar 'yarki ta jingina ta da bango ta karanto lamba, tsawo, faɗi, gicciye biyu da tsayin rufi, yaron na tsaye a waje yana rubutawa. Ɗaki ɗaya ba zai ci minti biyar ba.